Tambayoyin Masu Karatu: In Rabu da Motata In Hau Mai Silinda Takwas?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne mai shekara 34, ina zaune a Barnawa, wurin aikina kuma yana cikin gari kusa da titin Ahmadu Bello. Shekara huɗu ke nan ina hawan Scion FR-S ƙirar 2014 mai giyar hannu, wadda wasu suka fi sani da Toyota 86. Tun da na saye ta ba ta taɓa kwana a hanya ba, kuma bakanike ɗaya ne yake taɓa ta. Abin da ke damuna shi ne ƙarfinta bai kai yadda siffarta take nunawa ba, domin in na kunna esi a hanyar Abuja ina son in wuce tirela, sai na sauke giya biyu kafin ta amsa. Yanzu wani dillali ya kawo mini Ford Mustang GT ƙirar 2016 mai silinda takwas, sabuwar shigowa daga Amurka, ya ce in ba da tawa in yi ciko, kuma cikon ya kusa kai kuɗin da ya yi wa tawa. Wani abokina kuma yana son rabuwa da Mercedes C63 AMG ƙirar 2010, cikonta bai kai rabin na Mustang ba. Rabin cikon Mustang yana hannuna, sauran sai na ci bashi. Allah Ya ba mu ƙaruwa wata biyar da suka wuce, amma akwai Corolla a gida ta iyali. Wacce zan ɗauka, ko kuwa in haƙura da tawa?

Mai karatu daga Barnawa, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya raya abin da aka samu, Ya albarkaci rayuwarsa. Ba zan ɓoye maka ra'ayina sai ƙarshe ba: a halin da ka bayyana, shawarata ita ce ka riƙe motarka a wannan karon, in kuwa ranka ya kafe a kan canji bayan ka haɗa kuɗinka cif ba tare da bashi ba, to Mustang ta fi dacewa da kai fiye da C63. Sai dai ba na son ka karɓi wannan don ni na faɗa, saboda haka bari mu bi maganar daga inda ta fi yi maka ciwo.

Kukan da ka yi game da ƙarfin motarka gaskiya ne, kuma ba laifin bakanikenka ba ne. Toyota da Subaru ne suka haɗu suka ƙera ta, ta fito kasuwa a 2012, ana kuma haɗa ta a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan. Injinta mai lita 2.0 ne, silinda huɗu a kwance, biyu ta dama biyu ta hagu, yana ba da ƙarfin doki 200, amma wannan ƙarfin ba ya cika sai allurar juyin inji ta kai wajen 7,000 a minti ɗaya. Akwai kuma wani gurbi tsakanin 3,500 da 4,500 inda ƙarfin janta yake ɗan faɗuwa kafin ya sake tashi, kuma duk wanda ya san motar ya san wannan gurbin. Abin takaicin shi ne daidai nan allura take sauka lokacin da direba ya sauke giya ɗaya don ya wuce babbar mota. Saboda haka saukar da giya biyu da kake yi ba alamar gajiyar inji ba ce, haka aka tsara a tuƙa ta. Waɗanda suka ƙera ta sun zaɓi rashin nauyi da daidaiton sitiyari a kwana fiye da ƙarfin miƙe hanya, shi ya sa nauyinta bai wuce kilo 1,250 da ɗan wani abu ba.

Mustang GT ta 2016 wata halitta ce dabam. Injinta lita 5.0 ne, ƙarfin doki 435, ƙarfin janta ya ninka na motarka fiye da sau biyu da rabi, kuma tun daga ƙirar 2015 Ford ta sauya mata ƙafafun baya, kowace taya ta koma tana motsi ita kaɗai, abin da ya gyara zamanta a kan hanya mai gargada. Idan ka taka totur a giya ta biyar za ta wuce tirelar nan ba tare da hannunka ya je kan giya ba. Ba zan raina wannan jin daɗin ba, domin wanda yake son mota ya san abin da ƙarar silinda takwas take yi wa zuciya da sassafe. Tambayar da nake so ka yi wa kanka ita ce sau nawa a wata kake samun hanyar da za ka ji wannan daɗin. Tafiyarka ta kullum daga Barnawa ce zuwa cikin gari, ka tsallaka gadar kogi a cikin jerin motoci da Keke Napep, ka bi shataletale, ka tsaya a danja. Hanyar Abuja kuwa aikin sake gina ta ya ɗauki shekaru ana karkatar da motoci zuwa hannu ɗaya a wurare da dama, kuma ko inda ta yi sumul, iyakar gudun da dokar hanya ta yarda wa ƙaramar mota a irin wannan babban titi kilomita 100 ne a awa. Motarka tana kai wannan ba tare da ta yi nishi ba. Abin da za ka saya da wannan ciko mai nauyi shi ne 'yan daƙiƙoƙi na wuce tirela, sai kuma ƙara da kallon mutane, kuma kai kaɗai ka san nawa ne darajar waɗannan a wurinka.

Inda nake so mu daɗe shi ne abin da dillali ba zai saka a lissafi ba. Kana da mota wadda ka san tarihinta na shekara huɗu: ka san ranar da aka zuba mata baƙin mai, ka san ramin da ta taɓa faɗawa, ka san ba a taɓa buɗe injinta ba, kana kuma da mutum ɗaya da ya san jikinta, har ya san wahalar da ke cikin canza mata filogi, tunda a irin wannan inji mai kwance sai an ɗan ɗaga shi kafin hannu ya isa. Wannan sani dukiya ce, amma ranar musaya ba a biyan ko kwabo dominsa. Dillali zai yi wa motarka kuɗi kamar kowace FR-S da ke kasuwa, ya rage ribarsa a kai, sannan ya ɗora wata ribar a kan Mustang, wato ya ci ta gaba ya ci ta baya a ciniki ɗaya. Ba zalunci ba ne, sana'arsa ke nan. Amma kai za ka miƙa abin da ka tabbatar da lafiyarsa ka karɓi abin da ba ka san komai game da shi ba sai fentinsa, kuma Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Ka ce sabuwar shigowa ce daga Amurka, kuma wannan jimlar ita ce ta fi buƙatar bincike a duk wasiƙarka. Da yawa daga cikin motocin da ake kawowa daga can ana sayo su ne a kasuwannin gwanjo irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora suke zubar da motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta ci, bayan sun ga gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. Ba duk motar gwanjo ce matsala ba. Akwai wadda bamba da fitila kawai ta rasa. Sai dai mota mai ƙarfin doki sama da 400 da ke tura kanta da tayoyin baya, in ta yi hatsari, sau da yawa ba ƙaramin hatsari take yi ba. Ka nemi lambar shasinta, wadda ake kira VIN, mai haruffa da alƙaluma 17, ka duba ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa, ka tabbatar sun zo ɗaya da abin da ke cikin takardu. Ka sayi rahoton tarihin motar daga kamfanin Carfax da kanka, kada ka dogara da wanda aka buga aka miƙo maka. Ka kuma rubuta lambar a intanet, domin sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo suna nan, za ka gan ta yadda take kafin mai gyaran jiki da mai fenti su taɓa ta. Ka tuna ma'aunin tafiyar motocin Amurka mil yake ƙirgawa, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, ga shi kuma mayar da ma'aunin baya ba abu ne mai wuya ba a wurin masu yi.

Na taɓa raka wani ɗan'uwana duba irin wannan mota a wani wurin sayar da motoci a nan garin. Jikinta yana ƙyalli, cikinta yana ƙamshin turaren da aka fesa, injin ya tashi da bugu ɗaya. Bakaniken da muka tafi da shi bai ko kalli injin ba da farko. Ya buɗe ƙofar direba, ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, sai ga wani layi mai ruwan ƙasa ya ratsa shi a can ƙasa inda ba a wankewa. Ya tura kujerar baya, ya haska tocila a kan ƙusoshin da suka riƙe ta, duk sun yi tsatsa ja. Ya ɗaga shimfiɗar but ya sa yatsa a lungun ramin safaya, ya fito da busasshen laka mai laushi kamar garin lalle, ya nuna mana ba tare da ya ce uffan ba. Motar ta kwana a cikin ruwa har saman kujeru. Irin wannan tana iya yin wata shida lafiya, sannan wayoyinta su fara ruɓewa daga ciki, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ƙwaƙwalwar motar ta rikice, kuma babu ranar da gyaran zai ƙare. Idan za ka je duba Mustang, ka je da sassafe kafin a tayar da ita, ka sa hannu a kan injin ka ji ya yi sanyi, domin ƙarar da inji yake yi a tashin farko ita ce take faɗin gaskiyarsa. A ɗaga ta sama a duba ƙarƙashinta ko akwai walda ko lanƙwasa a shasi, a tabbatar ba a cire abin nan mai tace hayaƙi na cikin salansa da makanikai suke kira indomi ba, a jona mata na'urar kwamfuta, a kuma lura ko fitilar jakar iska tana kamawa idan an kunna makulli sannan ta mutu da kanta. Ka bar esi yana aiki na tsawon lokaci, saboda masu Mustang na waɗannan shekaru sun yawaita kuka da yoyon tukunyar sanyi da ke bayan dashbod, gyaranta kuma sai an sauke dashbod ɗin gaba ɗaya, kuma ka san yadda Kaduna take a watan Maris da Afrilu.

Takardun kwastam ma kada ka ɗauke su da wasa. A ranar 1 ga Janairu 2017 ne haramcin da gwamnatin tarayya ta sa a kan shigo da motoci ta iyakokin kan tudu ya fara aiki, kuma rundunar kwastam mai sintiri ta shiyya ta biyu a nan Kaduna take da mazauni. Mota mai jan ido irin wannan ita ake fara tsayarwa a hanya. Ka kai takardun ofishin kwastam a tantance maka cewa an biya harajin da ya dace kuma lambar shasin da ke jiki ita ce a rubuce, kafin ka ba da ko kafin alƙalami.

Sai maganar ciyar da ita. Bisa ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka, motarka tana shan kusan lita 9 da rabi a kowane kilomita 100 idan an haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya, Mustang GT kuma kusan lita 12 da rabi, C63 kuwa tana kusantar lita 16. Waɗannan alƙaluma na hanyoyinsu ne. A cunkoson gadar kogi da esi a kunne duk za su haura, kuma babban inji ya fi shan mai a tsaye. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 wannan bambanci ya daina zama abin da mai albashi zai kawar da kai daga gare shi. Ka ɗauki yawan litar da kake sha a wata yanzu, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai, wannan shi ne mafi ƙarancin abin da Mustang za ta nema. Injinta yana cin baƙin mai kusan lita bakwai da rabi a kowane canji, tayoyinta sun fi naka faɗi da tsada, na baya kuma ba sa daɗewa a ƙarƙashin mai son taka totur. A nan dole in yi wa Mustang adalci a kan abu ɗaya: gidajen manmu fetur iri ɗaya suke sayarwa, babu zaɓin mai ƙarfin oktan, wato wanda ya fi jure matsi ba tare da ya kama wuta kafin lokacinsa ba, kamar yadda ake samu a wasu ƙasashe, kuma Ford ta yarda a zuba wa wannan inji fetur na gama-gari, sai dai ƙarfinsa ya ɗan ragu. Motarka da C63 duka an rubuta musu fetur mai oktan sama, kuma mai yiwuwa wannan yana cikin dalilan da suka sa kake jin taka ta yi sanyi a lokacin zafi, domin idan ƙwaƙwalwar mota ta ji man yana kama wuta kafin lokacinsa, sai ta ja da baya don ta kare injin.

Game da C63 ta abokinka, arahar cikonta ita ce abin tsoro. Mota ce ta ƙwarai, injinta mai lita 6.2 da hannu ake haɗa shi a Affalterbach ta ƙasar Jamus, mutum ɗaya ga inji ɗaya, har da farantin da ke ɗauke da sa hannunsa a kai, kuma ita kaɗai ce a cikin ukun take da ƙofa huɗu da kujerar baya ta gaske. Amma injinan shekarun farko, ciki har da na 2010, an san su da matsalar ƙusoshin da ke ɗaure kan inji, waɗanda suke iya tsinkewa ruwan lagireto ya shiga silinda, ga kuma cinyewar sandunan da ke buɗe bawul. Sai ka tambayi abokinka ko an canza waɗannan ƙusoshi, da kuma shaidar hakan a rubuce. Kaduna gari ne da ya san mota, tun da masana'antar Peugeot ta fara aiki a Kakuri a 1975 aka yaye makanikai masu yawa, kuma a Panteka babu abin da ba a ƙerawa ko a nemo. Sai dai gwanintar garin ta fi ƙarfi a kan Peugeot da Toyota da Honda da Mercedes na gama-gari. Kayan injin AMG sai an aika kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas ko an yi odarsu daga waje da dala, motar kuma tana zaune a gareji tana jiran su. Ga wani abu kuma da ya wuce ƙarfe: idan injin ya lalace wata biyu bayan ciniki, zumuncinku ne zai ɗauki nauyin, ko da abokin naka bai san da lahanin ba.

Bashin shi ne ya sa na ce ka dakata. Ko ta hanyar murabaha ka bi a bankin da ba ya mu'amala da ruwa, biyan wata-wata yana nan, kuma zai haɗu da ƙarin kuɗin mai da na taya da na inshora a daidai shekarar da jariri ya shigo gida. Inshorar dole ta naira 15,000 da aka fara karɓa tun Janairun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ta gyara taka motar. Mota mai wannan daraja kuwa tana buƙatar cikakkiyar inshora ko takaful, wadda ake lissafawa bisa kuɗin motar, saboda haka tana tashi tare da shi. Ni a ganina motar sha'awa ana sayenta ne da kuɗin da ya yi saura, kuma bayan an biya ya kamata a ce akwai wani abu a ajiye don gyaran farko, domin babu tokumbo da ba ta neman wani abu a watanninta na farko.

Abin da zan so ka yi a yanzu ba shi da tsada. Ka nemi wanda yake da Mustang ya ba ka ka yini da ita, ba zagaye ɗaya a gaban shagon dillali ba. Ka bi da ita hanyarka ta zuwa aiki, ka haye tudun rage gudu na layinku, ka shiga ƙofar gidanka ka ga yadda doguwar gabanta da faɗinta suke yi da kai, tunda ta fi taka nauyi da fiye da kilo 400. A ɓangaren taka kuma, ka sa a duba filogi da matatar iska, a wanke maƙogwaron totur, ka sa mata tayoyi masu kyau, sannan ka koyi riƙe allurarta sama da 4,500 kafin ka fita wuce babbar mota. In bayan wata shida har yanzu zuciyarka tana kan silinda takwas kuma kuɗin ya cika, ka sayar da taka da kanka ga mai son irinta, domin mai giyar hannu da tarihinta yake a bayyane tana da masu nema, sannan ka shiga kasuwa da kuɗi a hannu ka zaɓi Mustang a cikin guda uku ko huɗu, maimakon guda ɗaya da aka kawo maka har gida.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ina shirin musayar Nissan 350Z tawa da 370Z. Tawa tana shan baƙin mai, kusan kowane mako biyu sai na ƙara, amma ba ta hayaƙi kuma ba a ganewa a gwajin tuƙi. Dillalin bai tambaya ba. Wajibi ne in faɗa masa, alhali shi ma na san ba zai faɗa mini duk abin da ke jikin tasa ba?

Mai karatu daga Unguwan Rimi, Kaduna

AMSA

Barka kadai Alhaji. I, ka faɗa masa. Musayar mota da mota tare da ciko ciniki ne halattacce, amma sharaɗin kowane ciniki shi ne a bayyana aibin da aka sani. A hadisin Hakim bin Hizam da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa mai saye da mai sayarwa idan suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa musu albarka a cinikinsu, idan kuma suka ɓoye suka yi ƙarya, za a shafe albarkar. Rashin tambayarsa bai sauke maka wannan nauyi ba, kuma ka tuna ba a hannun dillalin motar za ta tsaya ba. Za ta faɗa hannun wani matashi da bai san sai ya riƙa duba sandar mai ba, wata rana a hanyar Zariya man ya ƙare, injin ya buga.

Ta fuskar kuɗi ma asarar ba ta kai yadda kake tsoro ba. Shan baƙin mai sananne ne a wasu injinan 350Z, musamman na wajen 2005 da 2006 masu giyar hannu, kuma dillalin da ya san aikinsa ya riga ya saka wannan a ransa. Ka sa bakanike ya auna matsin kowace silinda, ya duba ko yoyo ne ta murfin bawul, wanda gyaransa mai sauƙi ne, ko kuwa zobban fistin ne suka gaji. In yoyo ne ka gyara kafin musaya. In zobba ne ka kai masa sakamakon a rubuce, sannan ka nemi shi ma ya bar ka ka kai 370Z wurin naka bakaniken na yini guda. Wanda ya fara buɗe nasa aibin yana da bakin da zai nemi a buɗe masa na ɗaya ɓangaren. A 370Z ɗin, wadda injinta lita 3.7 ne mai ƙarfin doki 332, ka sa a auna matsin baƙin mai bayan ta yi zafi, kuma in mai giyar hannu ce ka lura ko fedar kuloci tana maƙalewa a ƙasa.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Mijina yana da Dodge Challenger mai silinda shida, yana son ya canza ta da mai silinda takwas, yana cewa tunda an daina ƙera su kuɗinsu tashi zai riƙa yi, saboda haka jari ne. Gaskiya ne?

Mai karatu daga Malali, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Rabin maganar maigidan gaskiya ne. Dodge ta daina ƙera Challenger a watan Disamba na 2023, Chevrolet ma ta rufe Camaro da ƙirar 2024. Sai dai an ƙera Challenger ta wannan zamani tun daga 2008, shekara goma sha biyar ana fitar da ita da yawa, saboda haka ba ta yi ƙarancin da zai sa ta zama abin ajiya ba. Waɗanda masu tara motoci suke bi su ne ƙirar musamman da aka yi kaɗan, waɗanda ba su yi tafiya mai yawa ba, ba su taɓa hatsari ba, kuma takardunsu na can ƙasar suna da tsabta. Challenger R/T mai silinda takwas da lita 5.7 da ake hawa kullum a titunan Kaduna ba ta cikin wannan sahu.

Abin da yake ruɗar mutane shi ne ganin wanda ya sayi mota shekara huɗu da suka wuce ya sayar da ita yau da naira fiye da yadda ya saya. Wannan faɗuwar naira ce, musamman tun da aka sake ta ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, kuma mai silinda shida da ke gidanku ta ci wannan tashin daidai da mai takwas. In ya ɗauki kuɗin da ya sayar ya koma kasuwa, irin motar da ya rabu da ita kawai za su saya masa, ko ƙasa da ita.

In yana son mai takwas don yana sonta kuma aljihunsa zai ɗauka, wannan magana ce da za ku zauna ku yi a matsayinta na sha'awa, ku ware mata abin da gida zai iya jurewa. Bambancin ƙarfin ma bai kai yadda ake zato ba: mai lita 3.6 tana ba da ƙarfin doki 305, mai lita 5.7 kuma wajen 372 zuwa 375, sai an je ga mai lita 6.4 ake samun 485. Injin mai silinda shida an rubuta masa fetur na gama-gari, kuma irinsa ne a cikin Jeep Grand Cherokee da Dodge Charger da Chrysler 300 da yawa da ke yawo a ƙasar nan, saboda haka kayansa sun fi sauƙin samu. In ya je duba mai lita 5.7, ya saurari injin a tashin farko da safe, domin ƙarar ƙyas-ƙyas da ba ta ɗaukewa bayan inji ya yi zafi tana iya zama alamar sandar bawul ta fara cinyewa, kuma wannan gyara ne da sai an buɗe kan injin.